Manhajar taya girki da Hausa: inda wahalar aikin take ga ɗaliban da suka ɗauke shi

Kwanakin baya wasu ɗalibai biyar masu karatun kimiyyar kwamfuta a nan Katsina, maza uku da mata biyu, suka same ni da shawarar aikin da suke son yi tare kafin su kammala karatu. Suna son gina manhajar da mutum zai riƙa magana da ita da Hausa yana tsaye a madafa, ta gaya masa abin da zai tanada, ta bi da shi daki-daki har abinci ya nuna, idan ya yi tambaya ta amsa, idan abu ya ɓaci ta nuna masa yadda zai gyara. Sun ma riga sun san waɗanda suke yi wa aikin: ɗalibin da ya bar gida karon farko ya kama ɗaki kusa da makaranta, da amaryar da ta tare hannunta bai faɗa a girki ba kuma tana jin nauyin kiran mahaifiyarta sau biyar a yini, da ma'aikacin da aka tura wani gari yana zaune shi kaɗai. Na ji daɗin shawarar ƙwarai, domin buƙatar ta gaskiya ce, kuma aikin ya ƙunshi kusan duk abin da ake so ɗalibin wannan fanni ya iya. Sai dai da na duba takardar da suka kawo, na ga sun ware wata uku domin rubuta manhaja da haɗa ta da ƙirƙirarriyar basira, sannan suka ba tattara girke-girke mako ɗaya kacal. A ganina wannan rabon a juye yake.

Ba yau aka fara ba ɗalibai irin wannan aiki ba. A shekarar 2021 kamfanin Amazon ya buɗe gasar jami'o'i mai suna Alexa Prize TaskBot, aka zaɓi ƙungiyoyi goma, aka ce kowace ta gina mataimakin da zai raka mutum cikin aikin hannu mai matakai da yawa a fanni biyu, wato girki da ƙananan gyare-gyaren gida. Kowace ƙungiya ta samu tallafin dala 250,000, kuma mutanen gari masu na'urar Alexa ta Amazon, wadda ake yi wa magana ta amsa, a Amurka ne suka riƙa gwada manhajojin suna ba su maki daga ɗaya zuwa biyar. A 2022 ƙungiyar Jami'ar Gilasgo ta zo ta ɗaya da manhajarta GRILLBot, ta karɓi dala 500,000, ƙungiyar Jami'ar NOVA ta Fotugal ta bi mata da TWIZ, sannan Jami'ar Jihar Ohayo ta zo ta uku da TacoBot. A zagaye na biyu, cikin 2023, TWIZ ce ta yi nasara. Abin lura ga ɗalibinmu a nan abu biyu ne. Waɗancan ƙungiyoyi sun tarar da dubban girke-girke a rubuce da Turanci, kowanne da awonsa da mintunansa da hotonsa, daga shagunan sayar da kayan abinci na Whole Foods da shafin koyar da ayyuka na wikiHow. Kuma Alexa da kanta ce take sauraron muryar mutum ta mayar musu da ita rubutu. Sun tarar da gona an share an yi huɗa, duk da haka aikin ya ci musu watanni masu yawa. Ɗalibin Katsina ko na Daura ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, don haka sassabe ne aikinsa na farko.

Idan aka buɗe cikin irin wannan manhaja za a ga sassa biyar ne suke miƙa wa juna aiki. Akwai kunne, wato sashen da ke mayar da magana rubutu. Akwai sashen da ke gane nufin mai magana, ko tambaya yake yi, ko yana son a ci gaba, ko a maimaita, ko a tsaya. Akwai sashen da ke riƙe da inda aka kwana a hirar. Akwai rumbun girke-girke inda ake ɗebo abin da za a faɗa, sai kuma baki, wato sashen da ke mayar da amsa murya. Ɗalibai sukan ɗoki kunne da baki domin su ne suke burge masu kallo ranar kare aiki, alhali rumbun shi ne tushe, kuma shi kaɗai ne sashen da babu inda za a sauko da shi daga intanet a shirye.

Na raka ɗaliban ranar da suka fara fita tattara bayani, a wani gida wajen Ƙofar Marusa inda gwaggon ɗaya daga cikinsu take. Tuwon masara da miyar kuka za ta yi. Ɗalibar ta buɗe littafi ta ce, "Gwaggo, ruwan nan da kika ɗora lita nawa ne?" Dattijuwar ta amsa tana gyara itace a murhu, "Ɗiyata, ni ban taɓa auna ruwan tuwo ba. Tukunya nake dubawa, in tuna bakunan da za su ci." Da ta dama gari da ruwan sanyi ta zuba a tafasasshen ruwa ta yi talge, aka tambaye ta minti nawa zai yi, ta ce har sai ya daina warin ɗanyen gari ya fara tsalle a tukunya. Da ta fara barbaɗa gari tana tuƙawa, aka tambaye ta gwangwani nawa za ta sa, ta ce, "Sai muciya ta fara yi maki nauyi a hannu, nan za ki tsaya." Ta rage wuta, ta rufe tukunya tuwon ya sulala, ta koma kan miya tana barbaɗa kuka da hannun hagu tana kaɗawa da maburgi a hannun dama. Aka gama girki tsaf, littafin ɗalibar babu lamba ko ɗaya a cikinsa.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin gibi a ilimin dattijuwar ba. Iliminta cikakke ne, sai dai a cikin alamomi yake zaune, alamar ido da ta hanci da ta kunne da ta nauyin hannu, kuma alamomin nan sun fi minti da giram amfani a madafarmu, domin wutar itace da ta gawayi da ta risho da ta gas ba ƙarfinsu ɗaya ba, garin sabuwar masara da na tsohuwa ba shan ruwansu ɗaya ba. Manhajar da za ta ce wa mai gawayi ya jira minti goma kawai ta yi shiru, ba ta taimake shi ba. Aikin ɗalibai shi ne su kama abu biyun tare. Su tafi da sikeli da kofin awo, su auna kwanon gari kafin mai girki ta fara, su sake aunawa bayan ta gama, bambancin shi ne abin da ta zuba ba tare da sun katse ta da tambaya ba. Su riƙe agogo suna rubuta tsawon kowane mataki, sannan su naɗi kalmomin da ta bayyana alamar da su, yadda ta faɗe su. Kuma girki guda a yi masa haka a gida uku aƙalla, domin miyar kukar wani gida da daddawa da wake ake yi, ta wani da busasshen kifi, kuma babu wadda za a ce ita ce kuskure.

Daga nan sai a tsara kowane mataki a rumbu da gurabensa: aikin da za a yi, kayan da zai ci, kimanin lokacinsa a kan kowace irin wuta, alamar da ke nuna ya yi, ɓarnar da aka saba samu a daidai wurin tare da gyaranta, da abin da za a iya sawa idan babu wani kayan haɗi. Gurbin ɓarna da gyara shi ne zuciyar aikin, domin mai koyon girki ba ya neman taimako sai abu ya karkace. Tuwo ya yi gudaji, sai a rage wuta a ci gaba da tuƙawa ana murje shi a jikin tukunya. Miya ta yi gishiri, ƙullun waina ya yi tsami, ɗanwake ya narke a ruwa, dambu ya cabe a madambaci, kowanne akwai abin da ƙwararriyar mai girki take yi, kuma kusan babu ɗaya daga cikinsu da aka taɓa rubutawa a tsare da Hausa. Waina ma misali ce mai kyau ta yadda yanayi ke shiga cikin lissafi. Ƙullun da aka sa wa yis a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina kan kai digiri 40, yakan tashi cikin ɗan lokaci, kuma idan aka bar shi ya wuce sai ya yi tsami har a nemi ruwan kanwa a kashe tsamin. Wannan ƙullun dai a hunturun Janairu sai an rufe shi an ajiye a wuri mai ɗumi an jira sosai. Don haka dole manhaja ta faɗi alama, wato ya kumbura ya yi kumfa a sama, ta kuma faɗi cewa lokacin yana tafiya da yanayi.

Sai kuma batun awo, wanda ya fi yadda ɗalibai suke zato rikitarwa. Mutanenmu da tiya da mudu da gwangwanin madara da ludayi suke magana, kuma girman tiya da yadda ake cika ta sukan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Wani awon ma da kuɗi ake yin sa, a ce attarugu na ɗari biyu, tattasai na ɗari biyar, alhali abin da ɗari biyar ke saya lokacin da kayan lambu suka cika kasuwa da rani ba shi take saya a tsakiyar damina ba. Shawarata ita ce rumbu ya ajiye komai da giram da lita a ciki, amma a yi wa mai girki magana da awon da ke hannunsa, musamman gwangwanin madara da cokalin cin abinci, tunda su girmansu bai cika sauyawa ba. Idan mutum ya ce na ɗari biyu ya saya, manhaja ta tambaye shi guda nawa ne. Haka nan idan masu ci suka ƙaru daga huɗu zuwa takwas, gari da shinkafa za su ninka, amma kanwa da yaji da tsawon dahuwa ba lallai su ninka daidai ba, kuma wannan ma a wurin masu girki za a ji shi.

Akwai haƙƙi a cikin wannan tattarawa da ba na so a manta. Muryoyin matan gida ake naɗa da iliminsu. A nemi izininsu a fili da na gidan da aka shiga, a bayyana musu inda muryar za ta je da wanda zai ji ta, a bar ɗaukar fuska idan ba a amince ba, wadda kuma ta so a ambace ta a rahoton aiki a ambace ta. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa amincewar mai bayani cikin ginshiƙan sarrafa bayanansa, amma tun kafin doka ladabin shiga gidan mutane ya wajabta hakan.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya na sashen hira, akwai tsohuwar dabarar da masu binciken wannan fanni suka daɗe suna amfani da ita, wato a sa mutum a bayan labule ya zama shi ne na'urar. Ɗalibi ɗaya ya zauna a wani ɗaki da takardar girki a hannu, wanda bai iya girkin ba ya shiga madafa da waya, su riƙa magana, na ɗakin kuma kada ya faɗi komai sai abin da ke cikin takardar. Da ɗaliban nan suka gwada haka da ɗanwake, sun yi zaton tambayoyin za su zo a cike kamar na jarrabawa. Abin da suka ji shi ne: "Na zuba." "To sai me?" "Nawa ka ce?" "Tsaya, ruwan na zubowa." "Ba ni da kanwa fa." "Wasu sun taso, wasu ba su taso ba." Cikin yini biyu sun samu jerin ainihin abubuwan da mai girki ke faɗa, sun kuma gano wurare da dama da takardarsu ta yi shiru a inda ake buƙatar magana. Babu hanyar da ta fi wannan araha, kuma babu wadda ta fi ta tona asirin rumbu mai rauni.

Waɗannan gajerun maganganu su ne suke nuna dalilin da ya sa sashen riƙe inda aka kwana yake da wuya. "Nawa zan sa?" tambaya ce da ba ta da amsa sai an san wane girki ake yi, mutum nawa za su ci, wane mataki ake kai, da abin da aka ambata a ƙarshe. Dole manhaja ta riƙe ɗan allo a cikinta da take sabuntawa bayan kowace magana, mai ɗauke da waɗannan, da abin da aka riga aka zuba, da abin da aka musanya da wani, da agogon da ke tafiya. Girkinmu kuma ba a layi ɗaya yake tafiya ba. Tuwo yana sulala ana kaɗa miya, shinkafa tana kan wuta ana jajjage. Mai girki zai iya cewa "ta yi kauri" yana nufin miya alhali maganar ƙarshe kan tuwo aka yi, kuma a nan jinsin kalma a Hausa yana taimakawa, tunda miya "ta" ce tuwo kuma "ya" ne, abin da ɗalibi mai lura zai iya sa wa manhajarsa a matsayin ƙa'ida. Sannan akwai katsewa, wadda a gidajenmu ita ce al'ada: an kira salla, yaro ya farka, baƙo ya yi sallama, gas ya ƙare an koma gawayi. Idan mutum ya dawo bayan rabin awa, manhaja ta tuna masa inda suka tsaya ta tambaye shi halin da tukunya take ciki, kada ta ɗauko daga farko. Ni a wurina ƙungiyar da ta iya wannan a girki biyar ta fi wadda ta loda girki ɗari tana karanto su kamar sanarwar rediyo.

Tun da manhajar hira ta ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, tambayar da kowane ɗalibi ke yi ita ce me ya sa ba za a miƙa wa irin waɗannan manyan manhajojin harshe aikin gaba ɗaya ba. Amsar tana cikin yadda suke aiki. An horar da su ne a kan ɗimbin rubutu domin su hango kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, kuma rubutun girkin Hausa da suka gani kaɗan ne idan aka gwada da na Turanci. Inda iliminsu ya ƙare ba sa yin shiru, sai su cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, cikin murya mai tabbaci. Na ga amsar da ta haɗa ɗanwake da alala a girki guda, na kuma ga wadda ta sa a gasa waina a tanderun zamani maimakon a soya ta a tanda. Wanda ya iya girki zai gane, amma ai wanda bai iya ba aka yi wa manhajar. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗaure babbar manhajar da rumbu: idan tambaya ta zo, a fara ɗebo matakin da ake kai da bayanansa daga rumbun da ɗalibai suka tantance, a miƙa mata tare da umarnin kada ta amsa da komai sai daga ciki, idan kuma amsar ba ta nan ta ce ba ta da ita. A bar mata abin da ta ƙware a kai, wato gane nufin magana ko da an faɗe ta ta hanyar da ba a zata ba, da sake jera bayani cikin sauƙi. Awo da lokaci da jerin matakai kuwa su fito daga rumbu kai tsaye. Akwai kuma batun kuɗi, domin ana biyan irin waɗannan manhajoji ne da dala gwargwadon gutsattsarin kalmomin da suka sarrafa, kuma jimlar Hausa takan farfashe gida-gida fiye da takwararta ta Turanci, don haka hira ɗaya ta fi tsada da Hausa.

Kunne shi ne sashen da ya fi ba ɗalibai kunya ranar gwaji. Manhajar Whisper da kamfanin OpenAI ya saki a 2022 an horar da ita da sa'o'i 680,000 na magana, Hausa tana cikin harsunanta, amma kasonta ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa kurakuranta a Hausa suke da yawa idan ba a ƙara mata horo ba. Akwai muryoyin Hausa kyauta a rumbun Common Voice na gidauniyar Mozilla, kuma ƙungiyoyin bincike irin su Masakhane da HausaNLP sun yi aiki mai yawa a kan harshen, sai dai yawancin abin da ke akwai jimloli ne da aka karanta a natse. Madafa kuwa mai yana ƙara a kasko, injin markaɗe yana ruri a maƙwabta, yara suna wasa a tsakar gida, waya tana nesa da baki domin hannu ya ɓaci da ƙullu. Ga kuma karin harshe: Bakatsine zai ce hura inda aka rubuta fura, ya ce mashi da maki inda littafi ya ce masa da miki, sannan ya cusa kalmomin aro irin su magi da bilenda a tsakiyar magana. Rubutu ma bai tsira ba, domin mutane da yawa ba sa sa lanƙwasa a waya, sai "ƙara" ta koma "kara", kuma ko an rubuta daidai, rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa garin tuwo da garin Daura suke zuwa da haruffa iri ɗaya, haka kukar miya da kukan yaro. A cikin hirar girki mahalli yakan warware mafi yawan wannan, muddin an gina sashen da ke nema a cikin rumbu yadda zai karɓi kalma da lanƙwasa ko babu.

Ga ƙungiyar da ke da zangon karatu ɗaya ko biyu, abin da zai yiwu shi ne a taƙaita. A zaɓi umarni kamar ashirin da aka fi ji a gwajin bayan labule, irin su ci gaba, maimaita, koma baya, tsaya, na gama, nawa, a naɗi mutane da dama maza da mata suna faɗarsu a cikin hayaniyar madafa ta gaske, a ƙara wa manhajar sauraro horo da su. Doguwar tambaya a bar mutum ya rubuta, ko ya turo saƙon murya, manhaja ta maimaita masa abin da ta ji ya tabbatar kafin ta amsa. Baki kuwa yana da mafita mai sauƙi da ake yawan rainawa. Tunda matakan girki biyar ko goma ƙidayayyu ne, ɗaliba mai murya a fili za ta iya naɗar su duka cikin 'yan kwanaki, kuma muryar Bahaushiya ta gaske ta fi muryar na'ura mai karya karin sauti daɗin bi. Hakan yana kuma rage cin data, domin ana iya ajiye muryoyin a cikin waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da wutar lantarki da sabis ba su da tabbas, kuma inda na'urar da ke hannun mutane ita ce wayar Android mai sauƙin kuɗi. Domin gwajin farko, Telegram yana ba da damar haɗa manhajar hira kyauta, WhatsApp kuwa, duk da shi ne a hannun kowa, hanyarsa ta kasuwanci tana da rajista da sharuɗɗa da caji.

Akwai tambayoyin da bai halatta a bar wa hasashen na'ura ba, domin kuskure a cikinsu rai yake taɓawa. Idan mai ya kama da wuta ba a zuba masa ruwa, a kashe murhu a rufe kaskon da murfi. Idan aka ji warin gas ba a kunna ashana ko makunnin lantarki, a rufe tukunyar gas a buɗe tagogi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ke kisa ba tare da an ji warinta ba, kuma da hunturu ne aka fi faɗawa wannan haɗari. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Sa maganin farasitamol a tukunya domin nama ya yi saurin laushi abu ne da hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kansa. Irin waɗannan amsoshi a rubuta su da hannu, a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba, a kafe su yadda kalma ɗaya ba za ta sauya ba. Idan mai ciwon sukari ko hawan jini ko mai juna biyu ya tambayi abin da zai ci, manhaja ta faɗi abin da ke cikin girkin ta tura shi asibiti.

Game da rabon aiki a tsakanin ɗaliban, abu ɗaya na nace a kai. A takardarsu ta farko matan biyu aka ba tattara girke-girke, mazan uku suka ɗauki rubuta manhaja. Na ce a sake. Wanda bai tsaya a gaban murhu ya ga yadda talge ke tsalle ba, ba zai iya tsara guraben rumbu yadda ya dace ba, kuma ɗalibar da ta kammala digirin kwamfuta ba ta rubuta sashen manhaja ko ɗaya ba an tauye ta. Kowa ya je gida ɗaya aƙalla, kowa ya riƙe sashe ɗaya na manhaja da sunansa, a ajiye aikin duka a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, domin malami mai duba aiki ya ga abin da kowa ya yi da ranar da ya yi shi. Kuma a haɗa sassan biyar tun a makonnin farko da girki guda tak, ko da kowane sashe bai yi kyau ba, domin yawancin ayyukan rukuni a wurin haɗawa suke wargajewa idan aka bar shi sai makon ƙarshe.

Gwajin da muka amince da shi a ƙarshe ba cike takardar jin ra'ayi ba ne. Za a nemo mutum goma da ba su taɓa yin ɗanwake ba, a ba kowanne garin wake da na rogo da kuka da kanwa da waya, a bar shi da manhajar ba tare da wani ya sa masa baki ba. Za a rubuta mutum nawa suka kai ƙarshe, sau nawa manhaja ta kasa ganewa, sau nawa ta faɗi abin da ba ya cikin rumbu, da matakin da aka fi maƙalewa. Sannan a jera kwanonin goma a gaban gwaggon nan ta Ƙofar Marusa da wasu mata biyu da suka ba da girkinsu, ba tare da sun san na wane ne ba, su ɗanɗana su faɗi wanda ya dahu, wanda ya yi tauri, da wanda kanwa ta yi wa yawa. Ɗaliban sun sake rubuta jadawalinsu, yanzu tattarawa da gwajin bayan labule sun ci mako shida, girke-girken kuma sun sauko daga hamsin zuwa shida: tuwon masara, miyar kuka, ɗanwake, waina, dambu da kunun gyaɗa.